Minti talatin a digiri 37: yadda nake warware saifar ɓera zuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai

Hanyar da ake fara koya wa duk wanda ya shigo ɗakin binciken garkuwar jiki ba ta cin kuɗi. Za ka ɗora saifar ɓera a kan wata 'yar rariyar roba da aka aza a bakin kwalba, ka zare sandar sirinji, ka yi ta murza saifar da gindin sandar kana ɗiga mata ruwa mai sanyi, jan ruwa yana tsiyaya ƙasa. Kafin minti biyar an gama. Saifar lafiyayyen ɓera guda takan ba da ƙwayoyin halitta miliyan 50 zuwa 100, galibinsu limfosayit, wato fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki da ake kira B da T. In su kake nema, ka tsaya nan, kada ka wahalar da kanka da enzayim, wato sinadarin da ake narkar da nama da shi. Abin da ya saura a kan rariyar, wani ɗan farin zare-zare mai tauri, kwandon shara ake jefa shi.

To ni, kaso mai tsoka na abin da nake nema yana cikin wannan da ake jefarwa. Bincikena a kan ƙwayoyin dendiritik ne, masu tsinto gutsuren ƙwayar cuta su kai wa ƙwayoyin T su ce ga abokin gaba. Ina duba yadda suke canjawa a saifar ɓerayen da aka sa wa Plasmodium berghei, maleriyar ɓeraye da aka fara ganowa a Katanga ta ƙasar Kwango a 1948, wadda ɗakunan bincike da yawa ke aiki da ita a madadin ta mutane. Saifa ce matatar jini. Nan ake tsince jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga, shi ya sa take kumbura a jikin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kamawa, haka ma a jikin ɓera.

Ginin saifa da na kaluluwa irin na soso ne: raga ce ta zaren kolajin, furotin mai tauri da ke riƙe nama, limfosayit suna kai-komo a cikin ramukanta, matsa kaɗan sai su zubo. Su kuwa ƙwayoyin dendiritik da makarofej, manyan ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayar cuta, sun miƙa rassa sun riƙe zaren gam. Ka murza a hankali su tsaya a kan rariya, ka murza da ƙarfi su yage. Ga shi dama na dendiritik ɗin ba yawa gare su ba. Ralph Steinman da Zanvil Cohn, waɗanda suka fara bayyana su a Jami'ar Rockefeller a 1973, sun same su tsakanin kashi 0.1 zuwa 1.6 cikin ɗari na ƙwayoyin saifa da kaluluwa da makamantansu. Abin da bai kai biyu cikin ɗari ba, in ka bar wani sashe nasa a kan rariya, me ya rage maka? Kuma ba yawan kaɗai ke raguwa ba. Wasu nau'o'in sun fi wasu riƙo, don haka abin da ya zubo ba ya wakiltar abin da ke cikin saifar. Mafita ita ce a narkar da zaren, a bar ƙwayoyin da ransu.

Mai wannan aikin shi ne kolajines. Daga wata bakteriya ake samo shi, Clostridium histolyticum, irin wadda ke ruɓar da nama in ta shiga miki. Makamin da take cin naman mutum da shi ne muke saye da tsada a 'yar kwalba. Ba shi ne na farko ba, domin tun 1916 Peyton Rous da abokin aikinsa Jones suka nuna ana iya sakin ƙwayoyi masu rai daga nama da wani enzayim mai suna tirifsin. Amma tirifsin ba ya zaɓe, duk furotin ɗin da ya tarar a fatar ƙwaya sai ya aske shi, mu kuwa da waɗannan furotin ɗin muke gane wace ƙwaya ce wace. Kolajines ya fi ladabi, zaren yake bi. Sai dai wanda ake sayarwa ba tsantsa ba ne, yana tafe da wasu enzayim na bakteriyar, kuma yawansu yana bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan. Shi ya sa na zaɓi kolajines D, wanda aikin irin na tirifsin ya yi ƙaranci a cikinsa. Akwai Liberase, tataccen haɗi da ba ya canjawa sosai, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne.

Shirin tun jiya ake fara shi. A rubuta lamba a jikin kowace kwalba da murfinta, a tabbatar za a sami ƙanƙara, a haɗa ruwan wanki: ruwan gishiri na PBS da kashi 2 cikin ɗari na siram (ruwan jini) ɗin ɗan maraƙi da ɗan sinadarin EDTA, a sa a firij. Enzayim ɗin kuwa tun ranar da ya iso aka narkar da garinsa aka rarraba a ƙananan kwalabe aka daskarar a digiri 20 ƙasa da sifiri. Wanda aka fitar ya narke ba ya komawa. Babban ma'aikacin ɗakin, wanda duk muke kira Baba, shi ke riƙe da makullin firizar, kuma in wuta ta ɗauke ba mai taɓa murfinta sai janareta ya tashi. Da safe nakan haɗa miligiram 1 na kolajines da 0.1 na DNase, enzayim mai daddatsa DNA, a kowace mililita ta RPMI 1640, wani jan ruwa mai haske da aka ƙirƙiro a cibiyar Roswell Park ta Amurka don rainon fararen ƙwayoyin jini. Dole RPMI ɗin, ba ruwan wanki ba, saboda kolajines ba ya aiki sai da kalsiyam, EDTA kuma aikinsa ke nan kame kalsiyam. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai zauna rabin awa yana jiran abin da ba zai faru ba. DNase kuma ba a girgiza shi da injin girgiza, lalacewa yake yi. Juya kwalbar sama da ƙasa ya isa.

Ɓerayen ba ni ke kashe su ba. Akwai wanda aka horar, kuma yana bin abin da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi a rubuce, har adadin dabbobin. Nawa yana farawa ne bayan an miƙo mini. In jiƙa gashin da sifirit don kada ya riƙa tashi, in kwantar da ɓeran a gefensa na dama, in tsaga fata a hagu ƙasa da haƙarƙari. Tun kafin a buɗe tantanin ciki ana hango ta. Ta lafiyayye siririya ce, ja mai duhu, ba ta kai santimita biyu ba, nauyinta wajen miligiram 100. Ta mai maleriya kuwa ba sai an nuna maka ba: ta ninka girmanta, ta yi baƙi ƙirin saboda hemozoyin, baƙin tokar da ƙwayar cutar ke bari bayan ta cinye jan sinadarin jini, ga ta da laushi, matsefata na taɓa ta da ƙarfi sai ta fashe. In ɗago ta ta wajen kitsen da ke jikinta, in datse, in gyare kitsen tas, in auna, in jefa a RPMI mai sanyi a kan ƙanƙara. Daga nan agogo ya fara.

Kafin komai ina yanke ɗan gefe in ajiye daban. Wannan ba zai ga enzayim ba, murza shi zan yi a rariya ta tsohuwar hanya. Zan dawo kansa.

Sauran saifar ina sa ta a faranti, in ja ruwan enzayim a sirinji mai allura lamba 25, in soka a tsawonta in tura a hankali. Wannan wurin yana burge ni har yanzu. Sai ka ga ta kumbura, launinta ya kwashe daga inda allurar take, wani jan gajimare yana fitowa ta ramukan da aka soka yana bazuwa cikin ruwan farantin. In soka wuri biyu ko uku har ta yi fari-fari, sannan in ɗauki ƙaramin almakashi in yi ta datsa har babu guntun da ya wuce milimita ɗaya. Masu gaggawa a nan suke yin asara. Enzayim daga waje yake ci, don haka babban guntu wajensa zai narke ya wuce kima alhali cikinsa ko taɓuwa bai yi ba.

Sai zancen zafi, wanda shi ne ya fi ba ni aikin tunani. Ƙungiyar Ken Shortman ta Melbourne a Ostareliya, wadda ta nuna tun 1992 cewa akwai nau'in dendiritik mai ɗauke da furotin ɗin fata da ake kira CD8 a saifar ɓera, takan narkar da naman ne a zafin ɗaki don tausaya wa ƙwayoyin. Da na kawo wa Baba wannan shawara sai ya dube ni ya ce, "Malam, ɗakin wa? Nasu ko namu?" Na ce, "Baba, haka aka rubuta." Ya miƙo mini ma'aunin zafi ya ce in rataye a bango in dawo da azahar. Zafin ɗakin da suke nufi wajen digiri 22 ne. Namu a watan Afrilu, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, yana haura 35, a watan Janairu kuma da safe sai ka sa rigar sanyi. Aikin da za a kwatanta sakamakonsa na rani da na hunturu ba a jingina shi ga yanayi. Sai muka tsaya a kan bahon ruwan ɗumi, digiri 37, minti 30, da ma'aunin zafi na gilashi tsome a ciki, don lambar da ke jikin injin ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Minti talatin ɗin ba na hutu ba ne. Kowane minti biyar nakan ɗago kwalbar in karkaɗa a hankali in duba ta a haske. Da farko gutsattsarin suna kwance a ƙasa, ruwan sama garau. Wajen minti goma gefunansu su fara yin gashi-gashi, ruwan ya fara gurɓacewa. A minti ashirin nakan ɗauki fifet, bututun zuƙar ruwa, na mililita ɗaya da na yanke bakinsa da almakashi don ya yi faɗi, in ja in saki a hankali, ban da kumfa, don kumfa fasa ƙwayoyi take yi. In narkewa na tafiya daidai, za ka ji gutsattsarin suna wucewa ba tare da toshe bakin ba.

A nan ne saifar mai maleriya ke nuna halinta. Ƙwayoyinta da yawa sun riga sun galabaita, suna mutuwa suna fashewa, duk wadda ta fashe kuma sai ta saki DNA ɗinta. Zare ne mai tsawo mai danƙo. In ya taru sai ruwan ya yi yauƙi, ka ɗaga fifet ka ga wani farin zare yana bin bakinsa, ya kama ƙwayoyi masu rai dubbai ya dunƙule su. Dunƙulen nan in ya samu ba ya warwarewa da murza, a kan rariya zai tsaya da duk abin da ya haɗiye. Maganinsa DNase, wanda ake samowa daga pankiriyas ɗin shanu, mai daddatsa zaren tun bai taru ba. Ga saifar mai cuta nakan ajiye ƙari a gefe, da na ga alamar yauƙi in ɗiga, cikin minti biyu ko uku ruwan ya sake tsinkewa.

Jarabawar ita ce idan minti talatin suka cika ka ga sauran gutsattsari. Zuciya za ta ce ƙara minti goma mana, ai za a fi samu. Za a fi samu ɗin, gaskiya ne. Amma a digiri 37 ƙwayar dendiritik ba a kwance take ba. Tana ji ana yayyage gidanta, ta fara farkawa tana canja abin da ke fatarta, enzayim kuma yana ci gaba da lasar furotin ɗin da zan auna. Ni kuwa tambayata ke nan, shin maleriya ta farkar da su ko ba ta farkar ba. In na bari bahon ruwa ya farkar mini da su, na ɓata amsar da hannuna. Don haka agogo na bugawa ake tsayawa, ko an gama narkewa ko ba a gama ba, kuma kowace saifa, ta lafiyayye da ta mai cuta, lokaci ɗaya take samu.

Tsayarwar da EDTA ake yi, a ƙara shi ya kai milimola 10, a bari minti biyar. Yana kame kalsiyam sai kolajines ya tsaya, kuma yana raba ƙwayoyin dendiritik da ƙwayoyin T da suka manne musu. Daga nan komai ya koma kan ƙanƙara. A tace ta rariya mai ramin maikiron 70, a murza ɗan abin da ya saura, a ɗauraye da ruwan wanki mai sanyi. Bambancin a fili yake: abin da ke tsayawa a kan rariyar yanzu ɗan kaɗan ne.

Sauran aikin na hannu ne kawai. A wulwula a injin santirifuj, a saita ƙarfinsa a 300, minti biyar, ƙwayoyin su kwanta ja jawur a gindin kwalba. A zubar da ruwan sama, a ɗan ƙwanƙwasa gindin da yatsa don kwantaccen ya saki, a zuba ACK, ruwan amoniyam kulorayid da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su sha ruwa su fashe ya bar farare. Minti biyu nake ba shi, in cika kwalbar da ruwan wanki, a sake wulwulawa. Na lafiyayye yakan fito fari tas. Na mai maleriya toka-toka yake fitowa komai wankinka, saboda hemozoyin ɗin yana cikin cikin makarofej. Baƙo yakan ɗauka jini ne ya rage ya sake zuba ACK, ya kashe ƙwayoyinsa a banza.

Ƙirga kuwa da shuɗin tirifan ake yi, rinin da a farkon ƙarni na 20 aka riƙa gwadawa a kan ƙwayar da ke kawo sammore ga dabbobi. Ƙwaya mai rai fatarta ba ta barinsa shiga, matacciya kuwa shanye shi take yi. A gauraya, a ɗiga a gilashin ƙirga na Neubauer, a leƙa ta madubin maikuroskof. Masu rai suna ƙyalli, zagaye, a kan shuɗi mai haske, matattu sun yi shuɗi sun lotsa. A ƙirga murabba'ai huɗu na kusurwa a ɗauki matsakaici, a ninka da yawan sirkin da aka yi, a sake ninkawa da 10,000, shi ne adadin da ke cikin mililita ɗaya. Misali matsakaici 80, sirki sau goma, miliyan 8 ke nan, in ruwan mililita 10 ne kana da miliyan 80. Ba a jinkiri, don rinin kansa yana kashe su in an bar su a ciki. Ina so in ga masu rai sun haura 90 cikin ɗari, kuma in ga su ɗai-ɗai. Biyu manne da juna, injin da zai karanta su zai ɗauke su a matsayin wata halitta guda mai alamun B da na T a lokaci ɗaya.

Kaluluwa wani karatu ne daban, kuma nemo ta ya fi narkar da ita wuya. Ta matsematsin ɓera ba ta wuce milimita biyu ba, tana binne cikin kitse a inda jijiyoyin jini uku suka haɗu a bayan fata. Kitse yana ƙyalli, ita kuwa dishi-dishi ce mai ɗan tauri, in ka matsa da matsefata sai ta zille. In kana shakka, jefa a ruwa: kitse yana tasowa, kaluluwa tana nutsewa. Ba ta buƙatar ACK. Na yi ta ne don taya wata abokiyar aiki da ke neman ƙwayoyin da suka gina ragar kanta, waɗanda ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma murza ba ta fitar da su sam. Muka bi hanyar da Anne Fletcher da abokan aikinta na ɗakin binciken Shannon Turley a Boston suka wallafa a 2011: enzayim ɗin disfes miligiram 0.8, kolajines P 0.2, DNase 0.1 a kowace mililita. Dabarar tana da kyau. Bayan minti 20 na farko ana barin gutsattsarin su kwanta, a kwashe ruwan sama da ƙwayoyin da suka riga suka saku a juye cikin ruwan sanyi mai EDTA, a zuba sabon enzayim a kan abin da ya rage, a yi ta maimaitawa har komai ya narke cikin kamar awa guda. Wanda ya saku da wuri ya tsira da wuri, ba ya zama cikin enzayim yana jiran na baya. Disfes dai yana da kaifi, an san yana rage alamomi irin su CD4 a fatar ƙwayoyin T, don haka ban taɓa auna limfosayit daga kwalbarta ba.

Yanzu batun ɗan gefen da na yanke tun farko. Shi ma an murza shi, an wanke, an ƙirga, an rina shi da antibodi, masu manne wa alamomin fatar ƙwaya su sa su haske, iri ɗaya da na wanda aka narkar, bayan an toshe masu kama antibodi barkatai da Fc block. Duka biyun suna shiga injin fulo-saitomita, mai jera ƙwayoyi su wuce ta gaban hasken leza ɗaya bayan ɗaya. A allon kwamfuta nakan ajiye su gefe da gefe. Gungun masu alamomin CD11c da MHC II, wato dendiritik, ya fi cika a wanda aka narkar, wannan shi ne ribar wahalar. Sai in duba ɗaya ɓangaren: CD4, CD8 da CD62L a kan ƙwayoyin T. In haskensu ya dushe a wanda aka narkar alhali yana nan a wanda aka murza, to enzayim ne ya aske, ba maleriya ba. Ba don wannan ɗan guntun ba, da babu yadda zan bambance, kuma raguwar CD62L irin abin nan ne da mutum zai yi murna ya rubuta cewa cutar ce ta farkar da ƙwayoyin T, domin farkawa ma takan rage shi.

Masu karanta RNA, wato saƙon ƙwayoyin gado, na ƙwaya ɗai-ɗai nasu ya fi tsanani. An nuna a 2017 cewa narkarwa a digiri 37 kaɗai tana kunna ƙwayoyin gado na firgita irin su Fos da Jun, har a ɗauka an gano sabon nau'in ƙwaya alhali wahalar kwalba ce. Wasu sun koma wani enzayim na Bacillus licheniformis mai aiki a wajen digiri 6. Ni ban kai can ba, furotin na fata nake aunawa, kolajines D ya ishe ni.

Duk kwalbar kolajines da ta iso sabuwa, kafin ta taɓa ɓeran gwaji ina raba saifa ɗaya gida uku: tsohon enzayim, sabo, da murza kawai. Lambar da ke jikin kwalbar tana shiga littafin aiki tare da zafin baho da mintocin da aka yi. In sabon ya fi kaifi, ƙarfinsa nake ragewa, minti talatin ɗin ba na taɓa su.